Ragon Yaya Nomau

Ramatu, Sani, da ke Hadiza auta, na san kun ji labarin nan a bakin mutane da yawa, kowa da irin gishirin da ya zuba masa. Wasu sun ce muku ubanku ya kunyata yayansa a gaban baƙi don neman suna a wurin mutanen Yamai. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai. Akwai ma wata gwaggonku, ba zan kama sunanta ba tunda tana raye kuma bakinta bai mutu ba, da ta ce sarautar garin nake hange. Ni da ko shugabancin kwamitin rijiya aka ba ni gudu nake yi! To, yanzu da idona ya fara gajiya, hannuna kuma yana rawa in na daɗe riƙe da biro, gara ku ji daga gare ni. Ba ƙarar kowa nake kawo muku ba, wanda zan kai ƙara ma ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa abin ya faru. Mahaifiyarku ba ta daɗe da rasuwa ba, ku kuma duk kun watse, ɗaya a Yamai, ɗaya a Kwatano, auta a ɗakin mijinta a Dosso. Gidan haya na Dogon Dutsi ya yi mini girma, sai na tattara littattafaina da katifata na dawo garinmu a ƙasar Ɗan Kassari, na sauka a sashen da Yaya Nomau ya gyara mini cikin babban gida. Kun san shi a matsayin mai gari, mai rawani da babbar murya, wanda in ya yi tari a zaure yaran unguwa ke nutsuwa. Ni na san shi tun yana goya ni zuwa gona. Lokacin da hukuma ta zo ɗaukar yaro ɗaya daga gidanmu zuwa lakwal, makarantar boko, shi aka nuna, shi kuma ya turo ni gaba ya ce ni ne mai kan karatu, ya zauna ya riƙe hauya. Duk abin da na zama, a kan gumin Nomau na zama shi. Da na dawo, kullum bayan magariba akushi ɗaya ake ajiye mana a zaure, muna ci yana tsokanata cewa hannun ɗan boko ba ya iya yanko tuwo, ni kuma ina ce masa loma tasa ɗaya ta isa ciyar da aji guda.

Zaman banza bai karɓe ni ba. Nakan leƙa lakwal ɗin garin in taimaka wa malamai biyun da ke fama da azuzuwan. Wata rana na tarar da ƙaramin malamin ya zana kwamfuta da alli a jikin allo, da madannanta layi layi, yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna dangwala yatsa a kan zanen. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai, domin ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru a wasu garuruwan, kuma na san abin da ke jiran yaran nan in sun shiga kwaleji a Dutsi, inda ɗiyan 'yan kasuwa za su riƙa yi musu dariya. Ba a jima ba wani tsohon ɗalibina da ke aiki a ofishin magajin gari ya gaya mini cewa wani babban kamfanin waya yana da reshen taimakon jama'a, suna gina ɗakin kwamfuta a makarantun karkara, su sa masa wutar sola, su horar da malamai, duk a kyauta. Garuruwa da yawa ke nema, kaɗan ake ba. Na haɗa takardun nema, na yi ta zarya zuwa Dutsi a bayan babur ɗin kabu-kabu har ƙuguna ya fara ƙara. Nomau ya dangwala hannu a inda na nuna masa, ya kuma yi alkawarin ba da fili daga gonar mahaifinmu da ke jikin makaranta.

Bayan an gama girbin hatsi aka kira ni a waya. Wata matashiya ce, Madam Fati, ma'aikaciyar reshen taimakon, Bazabarma mai Hausa tsinto-tsinto amma ana fahimta. Ta ce garinmu yana cikin na ƙarshe da za a zaɓa, za ta zo da shugabanta su ga wurin da idonsu. Har na fara godiya sai ta katse ni, tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

"Mushe Tankari, ka ji ni da kyau. Kada a ba mu kado, kyauta ke nan. Ko ƙwan zabo ɗaya. Doka ce. In wani abu ya shiga motarmu, an soke garinku, ni kuma aikina ya tafi. Bara an yi haka a wani gari, saboda zabi."

"Madam, ruwa fa?" na ce da ita.

"Ruwa mun sha. Abinci in an zuba mun ci a nan. Amma abin ɗauka, a'a."

Na gane dalilinsu. Ana zaɓe tsakanin garuruwa, in wani ya ba da rago wani ya ba da sa, to an koma ciniki. Amma na san gidanmu. Tun zamanin kakanmu ba a taɓa yin baƙon da ya zo da alheri ya fita ƙofar nan hannu rabbana ba. Wanda ya kawo maka kyauta sai ka ba shi tukwici, ko yaro aka aiko da ƙwaryar fura sai an saka masa wani abu a hannu. Ranar bayan la'asar na sami Yaya a ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, na zauna na gaya masa komai dalla-dalla. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariyar nan tasa da ke girgiza kafaɗu.

"Tankari, boko ya ɓata ka. Wa ka taɓa gani an miƙa mai abu ya ce kawo? Kowa cewa shikai a'a, a bar shi, wallahi a bar shi. Kunya ta. Yarinyag ga tana da tarbiyya, shi ke nan."

"Yaya, wannan ba kunya ba ce. Doka ce, a rubuce take."

"Dokassu tana Yamai. Nan ƙohwar gidan ubana ta. Mutane su taso tun daga can su kawo muna ɗaki da wuta, mu bi su da na gode ƙwara ɗaya? Mi munka zama ke nan?"

Na sake gwadawa washegari, na sake bayan sallar Juma'a. A ƙarshe ya ce to, ya ji. Na ɗauka ya yarda, ashe ya gaji da surutuna ne kawai.

Ranar da suka zo, farar mota ce mai buɗaɗɗen baya. Madam Fati ta fito, sannan shugabanta, wani dogon mutum mai tabarau da ba ya jin Hausa ko kaɗan, yana riƙe da waya yana ɗaukar hoton duk abin da ya gani. Garin ya yi musu tarba ta gaske. Yara sun yi waƙa, an nuna musu filin, an nuna musu zanen kwamfutar da ke jikin allo, na ga mutumin ya daɗe tsaye a gabansa. Suka ci dambu da zabi a zauren Nomau. Ni dai zuciyata ta kwanta, har na fara lissafin inda taga za ta kalla. Da suka miƙe za su tafi muka rako su bakin mota, duk garin yana biye, maza a gaba, mata a jikin darni. Sai na ji kukan rago.

Ragon Nomau ne, farin nan mai baƙin wuya da yake kiwo da hannunsa don layya, wanda yake ba dussa da harawa kafin shi kansa ya karya. Shi da kansa ya jawo shi, bai aiki kowa ba, babbar riga tana jan ƙasa. Madam Fati ta ɗaga hannu biyu tana cewa a'a Baba, don Allah a'a. Mutane suka yi murmushi suna gyaɗa kai, an ga yarinya mai kunya. Ta sake cewa a'a, aka sake yaba ta. Samari suka ɗaga ragon suka saka a bayan mota, Nomau ya ɗaure igiyar a ƙarfe da hannunsa, maroƙi ya fara kirari, mata suka rangaɗa guɗa. Dogon mutumin ya daina murmushi. Ya tambayi Madam Fati da Faransanci ko an sanar da garin dokar, ta ce an sanar. Ya ɗaga wayarsa wajen ragon zai ɗauki hoto. Ita kuma ta juyo ta dube ni, ni kaɗai a cikin taron nan na ji abin da suka ce.

Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na auna komai ba. Na kama ƙarfen motar na hau da tsofaffin gwiwoyina, na kwance ƙullin da yayana ya ɗaura, na tura ragon ya diro. Guɗar ta yanke. Na sauko na kama igiyar, na ce da mutumin da Faransanci kuskure ne, garin bai ba da komai ba, su sauka lafiya. Sannan na ja ragon na ratsa tsakiyar mutane, suna darewa suna ba ni hanya, har na iso gaban Nomau na miƙa masa igiyar. Bai karɓa ba. Ya dube ni, ya dubi motar da ke tashi, ya gyara rawaninsa ya shige gida. Na tsaya a fili riƙe da rago, mutane suna watsewa ɗaya ɗaya.

Da magariba na je zaure kamar kullum, na tarar babu tabarma. Matarsa, Inna Hajo, ita ta kawo mini tuwo har ƙofar ɗakina a ɗan kwano, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Ya ce ragon naka ne, tunda kai ka amshe shi. Ya ce kak ka maido mai."

"Inna, ki ce mishi ina son magana da shi."

"Tankari, bari ƙura ta lahwa. Ka san halin ɗan'uwanka."

Na san halinsa, shi ya sa na tsorata. Nomau mai faɗa ne, in ya yi ihu ya gama to ya wuce. Wannan karon bai yi ihu ba. Da safe na je gaishe shi, ya amsa mini cikakkiyar gaisuwa, lafiya lau, ina gajiya, ina iyali, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo daga wani gari. Daga ranar bai ƙara kirana Tankari ba, sai Mushe, kamar yadda iyayen yara ke kirana.

Aka ba mu ɗakin. Madam Fati ta kira ni tana murna, ta ce shugabanta ya yaba da gaskiyar garinmu. Ina so ku san wannan game da baffanku, domin masu ba ku labari sukan tsallake shi: bai hana komai ba. Filin da ya yi alkawari ya bayar. Shi ya sa aka yi gayya aka kwaso yashi da amalanken jakai, shi ya raba wa mata kwanakin ɗebo ruwa. Sai dai duk umarnin ta bakin ɗansa Gado yake fitowa, kuma ranar buɗewa ya ce ƙafarsa na ciwo, Gado ya wakilce shi. Har ya bar duniya bai taka ɗakin nan ba, alhali daga ƙofar gidansa ana hango faifan sola yana ƙyalli a kan rufin.

Mutanen gari suka bi sahun mai garinsu, ba da mugunta ba, haka abin yake tafiya. Ana gaishe ni, ana turo mini yara, in an sami takardar asibiti ana kawo mini in karanta. Amma in na iso majalisa hira takan canza, a koma maganar farashin wake. Biki ko suna sai in ji a bakin yara, goron gayyata ya daina zuwa ɗakina. Ni da na saba da aji cike da hayaniya, da mahaifiyarku da ba ta rufe baki, na koma in wuni ban yi wata maganar kirki da babban mutum ba. Na yi kaɗaici, 'ya'yana, kaɗaici mai tsanani, a cikin gidan da aka haife ni. In kun kira ni nakan ce muku komai lafiya, don ban ga amfanin tayar muku da hankali ba. Abokin zamana shi ne ragon. Ba dama in yanka, a ce dama abin da nake so ke nan. Ba dama in sayar, ba dama in mayar. Na kafa masa turke a bayan ɗakina ina saya masa dussa daga kuɗin fanshona, layya ta zo ta wuce yana kallona ina kallonsa.

Mutum ɗaya ne bai canza mini ba, Arɗo Jaɓɓi, shugaban Fulanin da ke zaune a fadamar yamma da gari. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da mu Arawa, Bafillace yana iya gaya wa Ba'are abin da ko uwarsa ba za ta gaya masa ba, kuma ba a fushi. Ran kasuwa yakan biyo ya zauna a ƙofata ya sha shayina yana zagina.

"Kai bawana, ina matarka mai ƙaho? Na ji an ce kai ka yi mata wanka."

Shi na roƙa ya shiga tsakani. Ya je ya sami Nomau, ya yi masa wasa, ya yi masa zagin wasa, ya roƙe shi da girman zumunci. Da ya dawo babu dariya a fuskarsa, ya zauna ya daɗe yana wasa da sandarsa a ƙasa.

"Ya ce ba shi riƙe da kai. Ya ce ɗakin alheri ne, kuma ya san don ɗiyan gari ka yi. Amma ya ce ba rago ka sauke ba ran nan, shi ka sauke. Ya ce tun kakanninku ana ba ku kuna bayarwa, ba a taɓa bin ku bashin alheri ba. Yanzu ka maishe shi mai miƙa hannu a amsa a yi godiya, gaban matanai da ɗiyanai. Ya ce in ya dube ka abin shika tunawa."

Na yi fushi a lokacin, na ce girman kai ne, mutum ya fifita rawaninsa a kan karatun jikokinsa. Daga baya, a dogon zaman da na yi ni kaɗai, na gane Nomau ba wawa ba ne. Mutanen kamfanin suna tsoron kada kyauta ta zama cin hanci, kuma suna da gaskiya, na ga yadda toshiya ke lalata aiki tun ina ƙaramin malami. Shi kuma yana tsoron kada garinsa ya zama wurin da ake zuwa a sauke taimako a ɗauki hoto a wuce. Babu wanda ya taɓa zama ya tambayi ɗayan abin da yake tsoro. Ni ne kawai ke jin harsunan biyu, kuma a 'yan daƙiƙun da nake da su na zaɓi yara. Ko yau aka maido ni bakin motar nan zan sake hawa. Faɗin haka bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Ragon ya tsufa a hannuna har haƙoransa suka zube, daga baya Arɗo ya ɗauke shi ya kai cikin garkensa, can ya mutu. Ciwon Nomau kuma ya tashi a wata damina. Na yi ta zama a bakin ƙofar ɗakinsa tare da masu dubiya. Rana ɗaya Inna Hajo ta fitar da kowa ta tura ni ciki. Ya rame, babbar muryar nan ta koma ƙarama. Na kama hannunsa, bai janye ba. Na ce Yaya ka yafe mini. Ya ce ya yafe tuntuni, ni ma in yafe masa. Na jira ko zai ƙara wani abu, ko zai tsokane ni ko sau ɗaya, sai ya ce, "Mushe, a kula da yaran." Bayan kwana kaɗan muka kai shi makwancinsa.

Ɗakin yana nan yana aiki. Wasu na'urorin sun mutu, an gyara wasu, malamai sun zo sun tafi, mabuɗin dai yana aljihuna. Yaran da suka fara dangwala yatsa a kan zanen alli yanzu wasunsu suna Dutsi, wasu Yamai, jikar Nomau ma tana cikinsu, ita ce ke rubuta wa ƙungiyar matan garin takardunsu. In na gan su ina jin daɗi har cikin raina, kada wani ya ce muku ban ji ba.

Bara kamfanin ya turo wasu matasa da kyamara, suna zagaya garuruwan da aka taimaka suna haɗa fim. Madam Fati ta daɗe da barin aikin, waɗannan ba su san komai ba. Suka zaunar da ni a kan kujera a tsakiyar ɗakin, yara a bayana kowa da na'urarsa, suka maƙala mini ɗan abin magana a wuyan riga. Wata yarinya mai fara'a, ba ta kai Hadiza shekaru ba, ta ce in faɗi yadda ɗakin ya canza garin. Na faɗa. Sannan ta duba wayarta ta ce saura tambaya ɗaya.

"Baba, muna so mutane su san kyauta ce zalla. Ka gaya musu, garinku bai biya komai ba, ko?"

Ta taga ina hango ƙofar gidanmu, Gado yana zaune a ƙarƙashin bedi da rawanin ubansa. Yarinyar tana jira, mai kyamara yana jira. Na ce mata haka ne, ba mu biya ko dala ba. Ta yi murna ta ce ya yi kyau sosai, ba sai an sake ɗauka ba.